Yadda Za Ka Haɗa Wa Ɗakin Gona Sola, Shawa da Wurin Cajin Waya

Duk matashin da ke karatu ko aiki a birnin Sakkwato, amma yake komawa gida ranar Juma'a da yamma don taya aikin lambu a Magarya ko wani ƙauye na Wurno, Rabah da Goronyo, ya san wannan matsalar. Ka isa gona da waya cike da caji, kafin la'asar ɗin Asabar ta mutu. Sai ka hau babur ka koma gari wurin mai caji, ka biya, ka jira. Idan dare ya yi kana laluben hanya cikin duhu. Wanka kuwa, sai dai ka faɗa cikin magudanar ruwan ban-ruwa ko wani tafki na fadama.

Wannan yanki yana da ruwa da rana isassu. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne don ta riƙe ruwa mai yawan kubik mita miliyan 942, kuma da shi ake noman shinkafa, albasa, tafarnuwa da alkama a rani. Abin da babu shi ne wutar lantarki a bakin gona, domin turakun wuta ba sa bin manomi zuwa fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da ƙaramin janareta don cajin waya ya zama asara tsantsa.

A wannan bayani za mu bi mataki-mataki yadda za ka mayar da bukka ko ɗakin gona wurin da za ka iya wuni ko kwana cikin sauƙi: wuta, wurin wanka, ruwan sha da sabis na waya.

Fara da lissafi kafin ka shiga kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya je shago ya ce a ba shi "sola mai ƙarfi". Mai shago zai ba ka abin da yake son ya sayar. Kai ne za ka fara sanin wutar da kake buƙata a rana ɗaya.

Ana auna ƙarfin da na'ura ke ja da wat. Idan ka ninka wat ɗin da yawan awoyin da na'urar za ta yi tana aiki, sai ka samu abin da ake rubutawa Wh, wato adadin wutar da ta sha. Ga misali na ɗakin gona da mutum uku ko huɗu ke amfani da shi:

- Wayoyi 4. Wayar da ke da batir mai 5000mAh tana ɗaukar kusan 19Wh, idan aka haɗa da abin da ke ɓacewa wajen caji a ce 25Wh. Jimla: 100Wh.
- Ƙwan fitila na LED guda 3, kowane wat 5, na awa 5: 75Wh.
- Fanka mai aiki da batir, wat 15, na awa 8: 120Wh.
- Ƙaramin famfon ruwa mai bolt 12, wat 60, na minti 40: 40Wh.
- Na'urar MiFi ko rediyo, wat 5, na awa 5: 25Wh.

Duka ya kama 360Wh a rana. Rubuta wannan lambar a wayarka, domin da ita za ka zaɓi sauran kaya.

Farantin sola: girma da yadda ake kafa shi

A yankin Sakkwato za ka iya ƙiyasta awa 5 na cikakkiyar rana a kowace rana ba tare da ka zuzuta ba. Amma faranti ba ya ba da duk abin da aka rubuta a bayansa. Zafi yana rage shi, ƙura tana rage shi, wayoyi da batir ma suna cin nasu. Saboda haka a lissafa kashi 70 cikin 100 kawai.

Faranti mai wat 100 zai ba ka 100 × 5 × 0.7, wato 350Wh. Ka ga bai kai 360 ɗin da muke nema ba. Mai wat 150 zai ba da 525Wh, wanda ya bar maka rarar da za ta cece ka ranar da hazo ya rufe sama. Shi ya sa wat 150 ya fi dacewa da wannan tsari.

Wurno da Goronyo suna kusan digiri 13 a arewacin layin da ya raba duniya biyu. Don haka farantin ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 13 zuwa 15. Manhajar kamfas da ke wayarka za ta nuna maka kudu. Kada ka shimfiɗa shi kwance, ƙura za ta zauna a kai kuma ruwan sama ba zai wanke ta ba.

Mutane da yawa suna zaton tsananin zafin rana shi ke ƙara wa sola ƙarfi. Haske yake so, zafi kuwa cutar da shi yake. Yawancin farantai suna rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsu a kan kowane digiri ɗaya da zafin jikinsu ya haura 25. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, farantin da aka manna a kan kwanon rufi yana iya kaiwa digiri 65, wato ya yi asarar kusan kashi 16 cikin 100. Maganin shi ne a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da rufi don iska ta riƙa ratsawa.

A lura da inuwa. Reshen darbejiya ɗaya da ya rufe gefen faranti yana iya karya wutar da yake bayarwa sosai, domin ƙwayoyin cikinsa a jere suke kamar sarƙa. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya ɗauki zafi.

Batir da na'urar daidaita caji

Batir shi ne abu mafi tsada a cikin tsarin, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa idan ba a kula ba. Iri biyu za ka tarar a kasuwa.

Na farko shi ne mai dalma, ko na ruwa ko wanda aka rufe ruf. Mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da 1200Wh, amma rabi kawai ya kamata ka sha, wato 600Wh. Idan kana zuƙe shi har ƙasa kullum, ba zai daɗe ba. Zafi ma maƙiyinsa ne: ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana iya rage rabin rayuwarsa. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu wajen tayar da inji, ba don ya kwana yana juya fanka ba.

Na biyu shi ne litiyam irin LiFePO4. Mai 50Ah yana ɗauke da kusan 640Wh, kuma za ka iya shan sama da 500Wh ba tare da ka cutar da shi ba. Ya fi tsada, amma ya fi daɗewa, kuma ba shi da nauyi. Wannan rashin nauyin yana da amfani babba a gona: za ka iya ɗaure shi a bayan babur ka tafi da shi gida ranar Lahadi.

Tsakanin faranti da batir dole a sa na'urar daidaita caji, wadda masu shago ke kira kwantirola. Idan ka haɗa faranti kai-tsaye da batir, caji zai wuce ƙima ya lalata shi. Akwai irin PWM mai araha, akwai MPPT mai tsada wanda ya fi tatso wuta daga faranti. Ga faranti ɗaya mai wat 150 da aka yi don batirin bolt 12, PWM mai amfiya 20 ya isa. Idan litiyam ka saya, ka tabbatar kwantirolar tana da saitin litiyam. Kuma a yi hattara, akwai masu rubutun MPPT a jiki alhali cikinsu PWM ne. Na gaskiya yakan fi girma da nauyi, kuma farashinsa ba ya zuwa kusa da na PWM.

Wajen haɗawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti, sannan fitilu. Wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. A sa fiyus a kan jar waya, dab da kan batir. Wannan ƙaramin abu shi ne tsakaninka da gobara, domin batir mai bolt 12 ba zai ja ka ba, amma idan wayoyi biyu suka haɗu zai mayar da su jajir cikin daƙiƙu, kuma bukkar kara da zana ba ta jira. A yi amfani da wayar tagulla mai kaurin 4mm² tsakanin faranti, kwantirola da batir, kuma a gajarta ta gwargwadon iko. A ɗora batir a kan katako a inuwa, inda iska ke shiga.

Shin kana buƙatar inbata? A wannan tsari, a'a. Inbata tana mayar da wutar batir irin ta gida, amma tana cin wuta ko da ba a jona mata komai ba. Fitilu, fanka da famfo duk akwai masu aiki da bolt 12 kai-tsaye. Wajen cajin waya, ramin USB da ke jikin yawancin kwantirola yana da jinkiri. Sayi cajar mota mai saurin caji, ka haɗa mata soket irin na mota. Kada ka yi cajin waya a cikin rana ko a ƙarƙashin matashi, zafi ne ke kumbura batirin waya.

Shawa a waje: me ya sa, kuma ta yaya

Wani zai ce shawa a gona ai gata ne ya yi yawa. Amma akwai dalilin lafiya. Tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, tana yaɗuwa ne a ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, irin na magudanan ban-ruwa da tafkuna. Ƙwayoyin cutar suna girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, su fito su huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Sai dai ba sa daɗewa a raye idan ba su samu jikin mutum ba. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye a rufe na kwana biyu ya kuɓuta daga gare su wajen wanka. Ruwan rijiyar fadama da ake zuƙowa ta bututu daga ƙarƙashin ƙasa kuwa ba shi da wannan matsalar tun farko. Haka kuma wanda ya wuni yana feshin maganin ƙwari a albasa yana buƙatar wanka da sabulu nan take, ba sai ya koma gida ba.

Shawa mafi sauƙi ba ta buƙatar wuta ko kaɗan. Duro na roba mai lita 200 ake ɗorawa a sama, nauyin ruwa ya turo shi ƙasa. Kowace mita ɗaya ta tsawo tsakanin ruwan da kan shawa tana ba da matsin kusan 0.1 na ma'aunin ba. Wannan kaɗan ne, shi ya sa kan shawa na zamani mai ƙananan huji ba zai yi aiki ba, ɗigo kawai zai riƙa yi. Nemi mai faɗi da manyan huji, ka yi amfani da bututu mai inci uku bisa huɗu, ka rage lanƙwasa. Gindin duron ya kai mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa.

Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duro cike ya haura kilo 200, yana saman kan mai wanka. Kada a ɗora shi a kan itatuwan da gara za ta ci. A sa mai walda ya haɗa gado na ƙarfe, ko a yi da azara mai ƙwari, a binne ƙafafun da siminti, a sa maƙalai a gicciye, a ɗaure duron saboda iskar farkon damina. Zai fi kyau gadon ya kasance a gefen wurin wankan, bututu ne kawai zai shigo ciki. Kuma kada a yi amfani da duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki, komai wankin da aka yi masa.

Baƙin duro yana ɗumama ruwa da rana, abin da za ka ji daɗinsa da yammacin Disamba da Janairu. A bazara kuwa ruwan yana iya yin zafin da zai ƙona fata, musamman wanda ya kwanta a cikin bututu. Lokacin sai a yi wa duron rumfa ta zana, kuma a riƙa taɓa ruwan da hannu tukuna. Murfi ya kasance a rufe kullum don kada sauro ya yi ƙwai.

Wajen cika duron, hanya mafi araha ita ce ka karkata tiyo zuwa cikinsa lokacin da injin ban-ruwa ke aiki. Minti kaɗan ya cika, ba ƙarin kuɗin mai na a-zo-a-gani. Idan kana son famfon bolt 12, ka san iyakarsa: yana tura lita 4 zuwa 5 a minti ɗaya, amma ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita biyu ko uku, kuma yashi yana kashe shi, don haka a sa masa matata a baki. Idan ruwan ya fi haka zurfi, sai irin famfon da ake nutsarwa cikin rijiya. A kunna shi da tsakar rana, lokacin da faranti ke ba da wuta, don a bar batir ya huta.

A sa makunnin ruwa kusa da hannu: ka jiƙa jiki, ka rufe, ka sa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Da haka lita 20 ta isa mutum ɗaya, duro ɗaya ya yi wanka goma.

Kewaye, daɓe da inda ruwan zai tafi

A kewaye wurin da zana ko kwano, tsawonsa ya wuce kan mutum, ƙofar kuma ta juya wa hanya baya saboda sutura. Ƙasan a yi masa daɓen siminti mai ɗan gangara, kada a goge shi sumul don gudun santsi.

Ruwan wanka kada ya kwanta a fili. A haƙa rami mai zurfin kusan mita ɗaya, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a kai bututun ruwan ciki, a rufe samansa. Idan za a haɗa da masai, ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. A fadama ruwa yana kusa, don haka a nemi tudu. Masai kusa da rijiya hanya ce ta amai da gudawa. A kuma kula kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Ɗaya daga cikin ƙwayayen fitilar nan uku na wurin wanka ne da hanyar zuwa can. Danshi yana jawo kwaɗi, kwaɗi suna jawo macizai, kuma kububuwa da dare take yawo. A share ciyawa a kewayen, kada a fita ba takalmi.

Ruwan duro na wanka da wanki ne. Na sha a tafasa shi, ko a sa maganin tsaftace ruwa na kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ko a taho da shi daga gida a jarka mai murfi.

Sabis na waya

Kada ka dogara da sandunan da ke saman allo. A wayar Android, shiga saiti, ka nemi bayanin waya, sannan matsayin layin SIM. Za ka ga lamba mai alamar ragi da dBm a gaba. Lamba kamar -85 tana nufin sabis mai kyau, -110 kuwa da ƙyar. Zagaya gonar da layuka daban-daban ka ga inda lambar ta fi kyau. Sau da yawa ɗaga MiFi a kan dogon gora, cikin robar da za ta kare ta daga rana da ruwa, yana gyara lamarin, sai wayoyinku su kama ta Wi-Fi daga ƙasa. Na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake tallatawa kuwa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi a kan amfani da su ba tare da izini ba, domin suna dagula sabis ɗin maƙwabta.

Ka ajiye ƙaramin rediyo. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda matsalar tsaro.

Tsaro da ambaliya

Babu na'urar da ta kai ranka. Gabashin Sakkwato ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma akwai gonakin da kwana a cikinsu ganganci ne. Kafin ka yanke shawarar kwana, ji ta bakin mai gari da manoman da ke maƙwabtaka da kai. Idan suka ce a dawo gida kafin magariba, a dawo. Tsarin nan yana da amfani ko da wuni kawai kake yi. Inda ake kwana, fitila ta haska ƙasa, kada a hango ta daga nesa. Kada kuma ka riƙa saka hotunan kayanka da wurin da suke a TikTok ko Facebook.

Saboda ɓarayi, a kafa farantin yadda za a iya kwance shi cikin minti biyar, kwantirola da soket kuma a haɗa su a kan katako ɗaya ko cikin akwati mai hannu. Ranar komawa birni sai a kwashe.

Ambaliya ma abin lura ce. A watan Satumba na 2010 ruwan Rima ya mamaye garuruwa da gonaki a Goronyo, Wurno da wasu sassan jihar, har ya karya hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan ɗakinka a cikin fadama yake, kwashe kayan wuta tun farkon Agusta, ka mayar da su bayan ruwa ya janye.

Idan kuɗin bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba

Farashin kayan sola yana bin dala, don haka ka tambayi shaguna uku kafin ka biya, kuma ka sa a gwada faranti da mita a cikin rana a gabanka. Fara da duro, gadonsa da kewayen wanka, domin su ne mafi araha kuma su ke kare lafiya. Bayan an sayar da albasa, a sayi faranti, kwantirola, batir, fiyus da fitilu tare, tun da ɗaya ba ya aiki sai da sauran. Fanka ta biyo baya kafin zafin Maris ya shigo. Famfon bolt 12 shi ne na ƙarshe, kuma idan injin ban-ruwa na cika maka duro, ba lallai ka saye shi ba. Idan gonakinku suna jere da na 'yan'uwa ko abokai, ku haɗa kuɗi ku yi tsari ɗaya, amma ku sake lissafin Wh ɗin da yawan wayoyin da za su ƙaru kafin ku zaɓi faranti da batir.